Sawu Ya Tsaya A Ƙofar Gida: Ko Mai Gidan Ne Ɓarawo?

Gabatarwa

Malam Bahaushe ya ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Duk wanda aka taɓa yi wa sata ya san daɗin wannan karin magana, don kuwa da ita yakan lallashi zuciyarsa ranar da ya wayi gari ya tarar an yi masa ta'adi. Amma akwai abin da karin maganar ba ta faɗa mana ba, watau abin da ya kamata mai kaya ya yi in ranar tasa ta zo. A da wannan tambaya ba ta cika damun mutane ba, saboda sau da yawa abin da aka sace ya tafi ke nan, sai dai haƙuri. Yau kuwa zamani ya zo da abin al'ajabi. Wayar hannu, wadda ɓarayi suka sa wa ido fiye da kima, ita da kanta tana iya gaya wa mai ita inda aka kai ta. Mutum yana zaune a ɗakinsa sai ya ga ɗan ɗigo a kan taswira yana nuna masa gari, har ma da unguwa.

To, tambayar da nake so mu tattauna, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu daraja, ita ce: in sawun waya ya tsaya a ƙofar gidan wani, me mai kaya ya sani, me kuma bai sani ba? Wane haƙƙi wannan sani ya ba shi, wane ne bai ba shi ba? Zan ɗauko misalaina daga yankin da na fito, watau kudancin Jihar Kano, ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, sa'an nan in leƙa wasu wurare in buƙata ta kama.

Zafin Rashin Waya

Kafin mu ɗora wa mai kaya wani sharaɗi, ya kamata mu yi masa adalci mu yarda cewa zafin da yake ji na gaskiya ne. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, a hankali ta tashi daga abin ado na masu hali ta koma abin da rayuwar talaka ta rataya a kansa. Masunci a dam ɗin Tiga da ita yake kiran mai sarin kifi tun kafin ya fito daga ruwa. Mai sayar da shinkafa a Tudun Wada da ita yake jin farashin Dawanau. Manomin masara a ƙasar Doguwa da ita ake turo masa kuɗin amfaninsa. Mu ɗalibai kuwa ba sai an faɗa ba, littattafanmu da darussanmu da rajistarmu duk suna cikinta. Wanda ya ɗauke wa mutum waya ya ɗauke masa makullin asusunsa na banki, da lambobin danginsa, da hotunan iyalinsa, wani lokaci har da muryar mahaifinsa da ya rasu.

Bugu da ƙari, satar waya a Kano ta wuce zaren aljihu irin na 'yan sane, ta kai ga ƙwace da makami, har da rasa rayuka. Abin ya yi tsanani a shekarar 2023, har a watan Mayu majalisar tsaro ta jiha ta ba da sanarwar cewa za a ɗauki ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, kana a watan Yuni Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da kafa kotunan tafi-da-gidanka don hukunta masu wannan aika-aika. Saboda haka duk wanda ya ce wa mai kaya ya manta, waya ce kawai, bai san abin da yake faɗa ba. Neman abin da aka sace maka halal ne, haƙƙi ne, kuma barin ɓarawo ya ci bulus ƙarfafa masa gwiwa ne. A kan wannan babu ja.

Bin Sawu Jiya Da Yau

Bin sawun ɓarawo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Jos ta ratsa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta bi ta ƙasar Doguwa kafin ta faɗa Jihar Kaduna, kuma mutanen wannan yanki sun daɗe suna fama da ɓarayin shanu masu fakewa a dajin. In aka kore wa mutum dabbobi da dare, da asuba sai a nemo gwanaye su duƙa su karanta ƙasa: ga kofato, ga kashi, ga ciyawar da aka tattake, ga inda aka tsaya aka sha ruwa. Amma akwai wata ladabi da dattawa suke kiyayewa, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. In sawu ya shiga wani gari, masu bi ba sa afka wa gidan da ya fi kusa. Sukan nufi ƙofar mai gari su yi sallama su ce, ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu, sawu ya shigo ƙasarka. Shi kuma ya haɗa su da mutanensa a zagaya a duba ko sawun ya fita ta wani gefe. Dalili kuwa, sun san ɓarawo yana da wayo, yakan bi da dabba ta bayan dangar wanda bai ji ba bai gani ba.

Bin sawun waya iri biyu ne. Na farko shi ne wanda mai waya yake yi da kansa. Wayoyin iPhone suna da manhajar Find My, na Android kuma suna da irin tata daga kamfanin Google. Muddin wayar tana kunne, tana da data, kuma ba a goge asusun mai ita ba, tana iya nuna inda take ta hanyar taurarin ɗan'adam na GPS da turakun sadarwa da ke kusa. A fili, ƙarƙashin sararin sama, ƙiyasin yakan zo kusa ƙwarai. A cikin ɗaki kuwa, ko a ƙauyen da turken sadarwa ɗaya ke ɗauke da garuruwa da yawa, da'irar da ake gani a taswira tana iya haɗiye gidaje masu yawa, wani lokaci ma unguwa sukutum.

Na biyu shi ne wanda hukuma take yi, wanda mutane ke kira tirakin. Kowace waya tana da lambarta ta asali mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI. Tana rubuce a jikin kwali, kuma duk wanda ya danna *#06# zai gan ta. Duk sanda aka sa layi a waya, kamfanin sadarwa yana ganin lambar layin tare da lambar wayar. Tun daga watan Disamba na 2020 kuma gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Saboda haka in mai kaya ya kai ƙara, hukuma tana iya neman kamfani ya faɗi layin da ke cikin wayar yanzu da sunan mai shi.

Wanda Tarko Ya Fi Kamawa

A nan ne nake roƙon mai karatu ya ɗan tsaya ya yi tunani tare da ni. Wane ne zai ɗauki layin da ya yi wa rajista da sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa, ya sa a cikin wayar sata, ya ci gaba da kiran danginsa hankali kwance? Lalle ba ɓarawon ba ne. Shi ɓarawo ya san sana'arsa. Kafin mai waya ya gama laluben aljihu ya riga ya kashe ta, ya zare layin ya yar. Daga nan sai ya miƙa ta ga wanda zai goge ta, in kuma ta ƙi buɗuwa saboda makullan da kamfanoni suka ƙirƙiro, irin wanda Apple ya fito da shi a 2013, sai a farke ta a sayar da gilashi daban, batir daban. Wanda zai kunna ta da zuciya ɗaya shi ne mutumin ƙarshe, wanda ya sa kuɗinsa ya saya. Watau wannan tarko, yadda aka ɗana shi, ya fi saurin kama wanda bai san akwai tarko ba.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Wani baffana, malamin firamare a ƙasar Ƙiru, an zare masa waya a Kwanar Dangora, kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya, yana kokawar shiga mota da yamma. Muka buɗe asusunsa a wata wayar, ɗigon ya nuna wajen Tudun Wada sau ɗaya, daga nan ya ɗauke. Ya kai ƙara da kwalinsa da rasit. Bayan 'yan makonni aka sanar da shi cewa an sa sabon layi a wayar, kuma na wata mata ce a wani ƙauye a ƙasar Doguwa. Samarin gidanmu jin haka sai jini ya hau, kowa ya tashi babur, wai a je a taho da ɓarauniya. Baffa ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ku dakata, yara. Wayata nake nema, ba fitina ba. Wa ya gaya muku ita ta zura hannu a aljihuna?"

Aka bi ta hannun hukuma da dagacin garin. Ashe matar amarya ce, ko Kwanar Dangora ba ta taɓa zuwa ba. Mijinta ne ya sayar da masara ya saya mata wayar a wurin wani mai gyaran waya. Mai gyara ya ce daga wani yaron mota ya karɓa, yaron mota ya ce wani saurayi ne ya sayar masa a tasha, bai san sunansa ba, bai san garinsu ba. Hannu huɗu ke nan tsakanin aljihun baffa da ɗakin amarya, kuma a nan sawu ya ɓace. Baffa ya karɓi wayarsa, mijin ya bi mai gyara ya sami wani abu daga cikin kuɗinsa, ɓarawon kuwa har yau yana cikin ranakunsa dubu. Ka duba fa, mai karatu, da samarin nan sun isa ƙauyen da sanduna, da wace ce za ta sha kunyar da ba ta goguwa a gaban dangin miji?

Sanin Wuri Da Sanin Laifi

Abin da nake son fitarwa shi ne, akwai tambayoyi guda uku da mutane ke cakuɗawa su mai da su ɗaya. Ta farko, ina wayar take? Ta biyu, a hannun wa take? Ta uku, wa ya sace ta? Na'ura tana amsa ta farko, ita ma bisa ƙiyasi. Takardun kamfani suna taimakawa a kan ta biyu, ko da yake mun san a ƙauyukanmu sau da yawa layin uwa da sunan ɗanta aka yi masa rajista, na mata kuma da sunan miji. Ta uku kuwa babu tauraron da zai amsa ta, don tambaya ce a kan abin da ya wuce da kuma niyyar zuciya. Amma mai fushi ba ya ganin tsani mai hawa uku. Yana ganin ɗigo sai ya ga fuskar maƙiyinsa. Kuma saboda abin daga na'ura ya fito, sai ya ɗauka ba ya kuskure, alhali wanda ya je wurin mai duba ma yakan dawo da ɗan kokwanto a ransa. Mun ce gani ya kori ji, amma ba mu tambayi kanmu ba, shin me muka gani?

Wannan matsala ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Malaman tafsiri, a wajen bayanin wasu ayoyi na Suratun Nisa'i, sun kawo labarin wani mutum a Madina da ya saci sulke a cikin buhun da ke da gari. Buhun yana da huda, garin ya yi ta zuba a hanya. Ɓarawon ya kai kayan ya ajiye a gidan wani Bayahude, masu bin sawu suka bi farin garin har suka sami sulken a can. Ga sawu, ga kaya, ga gida, duk alamu sun haɗu a kan mutumin da bai yi sata ba, kuma aka wanke shi duk da cewa ba Musulmi ba ne. Haka nan kowa ya san ƙissar Annabi Yusufu, inda aka fito da ma'aunin sarki daga cikin kayan ƙanensa, alhali yaron bai ɗauki kome ba. Tun muna makarantar allo ake nuna mana cewa samun kaya a hannun mutum bai isa ya mai da shi ɓarawo ba.

Abin Da Gaggawa Ta Jawo

Kada wani ya ce wannan dogon Turanci ne na 'yan jami'a. Rayuka sun salwanta a kansa. A ranar 5 ga Agusta, 2020, a birnin Denba na ƙasar Amurka, wani yaro ɗan shekara 16 da aka yi wa ƙwacen waya ya bi manhajar Find My, ta nuna masa wani gida. Ya ɗauko abokansa biyu da dare suka zuba fetur suka cinna wa gidan wuta. Mutum biyar suka ƙone, dukansu 'yan gida ɗaya, 'yan asalin ƙasar Senegal, biyu daga ciki ƙananan yara. Ba su san kome ba game da wayarsa. A 2024 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 60. A wannan birni dai, a watan Janairu na 2022, 'yan sanda ɗauke da manyan makamai suka dirar wa gidan wata tsohuwa mai shekara 77, saboda sun dogara da da'irar da manhajar ta nuna, wadda ta haɗa da gidaje da dama. Ba su sami kome ba, kuma a 2024 kotu ta ce a biya ta diyyar fiye da dala miliyan uku da rabi. Wannan ya nuna ko hukuma ma, in ta mai da ƙiyasi yaƙini, sai ta yi zalunci.

A gida Nijeriya, ɗalibai irinmu ba za su manta da ranar 5 ga Oktoba, 2012 ba, sa'ad da mutanen Aluu suka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bisa zargin satar waya da kwamfuta, aka yi musu tsirara, aka duke su, aka banka musu wuta, jama'a na kallo suna ɗauka a wayoyinsu. Sai a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin. Mu mutanen kudancin Kano kuwa namu ciwon bai warke ba. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare mafarauta a garin Uromi na Jihar Edo suna dawowa gida hutun salla, aka ga bindigogin farauta a motarsu, nan take aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. Da yawansu 'yan ƙasar Bunkure ne, maƙwabtanmu. Mun yi kuka, mun ce me ya sa ba a tambaye su ba, me ya sa ba a kai su ga hukuma ba? To, hujjar da aka kashe su da ita, watau an ga abu a hannunsu, ita ce dai hujjar da saurayinmu yake riƙe da ita in ya hau babur yana bin ɗigo. Abin da muka ƙi a yi wa namu a Uromi, bai kamata mu yi wa wani a Riruwai ko Tiga ba.

Hujjar Masu Ja

Na san akwai mai cewa, "Kai ɗan makaranta, daɗin baki ke gare ka. In kowa ya ce saya na yi, yaushe za a kama ɓarawo? Ai shi ma ɓarawon abin da zai ce ke nan. Kuma kafin a gama rubuce-rubuce da zirga-zirga, wayar ta ƙetare jiha, kuɗin motar da na kashe ya kusa sayen wata." Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Jinkirin shari'a shi ne uban ɗaukar doka a hannu. Duk ranar da talaka ya ga bin hanya ya fi asarar tsada, ranar ce zai nemi gajeriyar hanya, kuma alhakin wannan yana wuyan duk mai riƙe da amanar jama'a da ya mai da kukan mai kaya abin ciniki.

Har ila yau, gaskiya ne cewa samun kaya a hannun mutum ba banza ba ne. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 167, ta ba kotu damar ɗaukar wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawo ko mai karɓar kayan sata da saninsa, sai fa in ya yi bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Amma a lura da abu biyu. Kotu aka ba wannan dama, ba mai kaya da abokansa ba. Kuma an bar wa wanda ake zargi ƙofar bayani, ƙofar da taron masu fushi ba ya bari. Tsarin mulki na 1999, sashe na 36, shi ma ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar.

A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu akwai babin da ake kira istihƙaƙi, wanda a ganina ya warware wannan ƙulli tun da daɗewa. Wanda ya ga kayansa a hannun wani sai ya kawo shaida a gaban alƙali cewa nasa ne, ya rantse bai sayar ba bai kuma kyautar ba, sa'an nan a ba shi abinsa. Shi kuma wanda ya saya sai ya koma wa wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa, a yi ta bi a haka har a kai ga tushe. Dubi hikimar da ke ciki: an raba maganar kaya da maganar laifi. Haƙƙin mai kaya yana kan kayansa duk inda suka shiga. Ba shi da haƙƙi a kan jikin wanda ke riƙe da su, ko mutuncinsa, ko ƙofar ɗakin matarsa. Wanda ya tafi karɓo waya ya dawo da alhakin jini ko na ƙazafi, garin gyaran gira ya rasa ido.

Namu Kason

Duk da haka, ban ce duk mai saye wankakke ne ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓarawo ba cin waya yake yi ba, sayarwa yake yi, kuma da babu mai saye da ya bar sana'ar. Wanda aka tare shi a tasha da magariba aka nuna masa wayar da ya san kuɗinta, aka ce ya kawo sulusi, babu kwali, babu rasit, babu caja, mai sayarwa yana waige-waige, sa'an nan ya ƙi tambaya don kada ya ji amsar da za ta hana shi saye, wannan ba za a ce bai sani ba. Ya dai zaɓi kada ya sani ne. Dokar Penal Code, wadda Arewa ta fara aiki da ita a 1960, ta sa karɓar kayan sata da sani ko da dalilin zato a cikin laifuffuka, kuma ko babu doka, zuciya ta san bambancin araha da ganima.

Mu ɗalibai ya kamata mu fi kowa jin wannan magana, don mu ne manyan masu neman babbar waya da ƙaramin kuɗi. Abin kunya ne mutum ya tsine wa masu ƙwace da safe a WhatsApp, da wayar da shi kansa ba zai iya faɗin asalinta ba. Wanda zai sayi ta hannu, a kasuwar Farm Centre ne ko a Beirut ko a rumfar mai gyara a garinsu, ya saya a wurin mai shago sananne, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI, ya gwada lambar da ta jikin wayar, ya kuma sa shaida. Yin haka kariya ce gare shi ranar da sawu zai tsaya a ƙofarsa, kuma toshe wa ɓarawo kasuwa ne. Mai waya shi ma ya adana kwalinsa, ya rubuta lambar a wani wuri, ya sa makulli, in an sace ya hanzarta rufe layinsa da asusunsa na banki tun kafin ya fara tunanin bin sawu.

Kammalawa

A taƙaice, ga inda ɗan guntun tunanina ya tsaya. Mai kaya yana da haƙƙin neman kayansa, kuma na'urar da ke taimaka masa ni'ima ce. Amma iyakar abin da take ba shi shi ne dalilin yin tambaya, hukunci kuwa yana hannun wanda zai saurari ɓangare biyu. Wanda ɗigo ya kai shi wani gari, ya yi yadda kakanninsa masu bin sawun shanu suke yi: ya nufi hukuma, ya nufi mai unguwa ko dagaci, ya yi sallama, ya ce ga abin da ya kawo ni. Kada ya je shi kaɗai, don wanda ya yi ƙwace da wuƙa bai yar da ita ba. Kada kuma ya je da gayya, don gayya ba ta da kunne. Kada ya watsa hoton mutum a intanet da sunan ɓarawo, don in gaskiya ta fito daga baya ba ta bin duk inda ƙaryar ta shiga. Hukuma kuma ta sauƙaƙa wa talaka hanyar ƙara, ta bi sarƙar har tushe, kada ta tsaya kan na ƙarshe don shi ne mai sauƙin kamawa.

Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A da ina mamakin ƙarshen wannan magana, ina cewa in zato ya zama gaskiya ina zunubin? Amsar da na samu ita ce, wanda ya hukunta mutum bisa zato, ko da ya dace, sa'a ce ta fitar da shi, ba adalci ba, kuma gobe da wannan hannun zai dami marar laifi. Ina fata 'yan'uwa masu wani ra'ayi dabam za su ɗauki alƙalami su ba ni amsa a fitowa ta gaba, musamman malamanmu na fannin shari'a, don mu ƙaru da juna. Allah ya tsare mu da sharrin ɓarawo, ya kuma tsare bayinsa da sharrin fushinmu, amin.